Riga Ta Biyu

Barci ya ƙaurace wa Kihara. Bangon da ya raba ɗakinsa da na yayansa na katako ne, ba ya ɓoye komai, kuma ta cikinsa tarin Gathogo yake ratsowa, mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Idan ya lafa, sai a ji Mugure, matar yayan nasa, tana magana ƙasa-ƙasa, sai ƙarar cokali a cikin kofi, sannan tarin ya dawo.

Ba tarin kaɗai ya hana shi runtsawa ba. Da yamma ya shiga madafa neman ruwan ɗumi, ya tarar da singiletin Gathogo a rataye bisa murhu. An wanke shi, amma wankin bai fitar da baƙin da ke ƙirjinsa ba. Da Kihara ya matsa kusa sai ya ga ba maiƙon inji ba ne. Haruffa ne, layi bisa layi, a juye kamar a madubi. Yana tsaye yana kallo Mugure ta shigo, ta fizge singiletin ta cusa a kwando, ta ce masa ruwansa na hucewa.

Tun daga nan tambaya guda ta maƙale masa a rai: anya akwai riga ta biyu?

Lokacin da aka ɗauke shi aikin gwaji a ofishin ƙungiyar masu madara da ke Njabini, ɗari ya riga ya sauko daga kan dutse, da yayyafin nan nasa wanda bai cika ruwan sama ba amma yake jiƙa mutum har ƙashi. Gathogo ɗan acaba ne, don haka ba a ma yi shawara ba, shi zai riƙa kai ƙanensa da safe ya ɗauko shi da yamma. A safiyar farko ya tuɓe rigarsa ta fata, baƙa, mai gashin tunkiya daga ciki, ya ɗora masa a kafaɗa.

"Saka. Mai digiri ba ya shiga ofis yana ɗiga kamar kazar da ta faɗa rijiya."

"Kai fa, Yaya?"

"Tawa tana wurin Mama Njoki mai shayi. Ina sauke ka zan ɗauka. Ka riƙe wannan har yamma, ofisoshin nan siminti ne zalla."

Kihara ya yarda, domin yardar tana da ɗumi. Ranar da Wangeci, sakatariyar manaja, ta shafa hannun rigar ta ce ta yi masa kyau, bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce a Nairobi ya saye ta yana jami'a. Daga ranar ne kuma ya fara cewa a sauke shi a kwanar kantin taki, wai yana son ya taka ƙafarsa ta saki.

Sai kuma jaridu. Gathogo ne ya roƙe shi ya riƙa kawo masa tsofaffin jaridun ofis, kuma roƙon ya faranta wa Kihara rai fiye da yadda ya nuna. Yakan zauna da jan biro ya zagaye labaran da yake ganin za su buɗe wa yayansa ido. Har ya taɓa faɗa wa wani abokinsa a waya cewa zamansa a gida ya fara amfani, ga Gathogo ya kama karatu. Bai taɓa tambayar kansa me ya sa bai ga yayan riƙe da jarida a buɗe ko sau ɗaya ba.

Gari ya waye fari fat da hazo mai jiƙa kaya. Gathogo ya fito cikin takalman roba da hular kwano, da koriyar suwaita wadda gwiwar hannunta ta ɓule, ya ɗora 'yar falmaran mai ƙyalli ta 'yan acaba a kai. Ya buga babur, ya yi tari, ya tofa, ya yi dariya.

"Hau, Farfesa. Madara ba ta jiran mai digiri."

Hanyar ta zama kunu. A gangaren gonakin dankali babur ya zame, Kihara ya cafki ƙugun yayansa, sai ya ji abin ya yi ƙaras a ƙarƙashin hannunsa. Ya ɗan matsa yatsunsa sama. Takarda ce, ninki bisa ninki, daga ciki har wuya. Iskar da ke tahowa a ƙirjin Gathogo take fashewa, abin da ya rage ne yake isowa ga na baya. Kihara ya janye yatsunsa. A kwanar kantin taki ya sauka kamar kullum, da rigar a jikinsa.

Ya zauna a gaban teburinsa bai iya haɗa komai ba. Da hantsi, lokacin shan shayi, ya fita ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya nufi matsayar 'yan acaba da ke bayan kasuwa, inda bai taɓa taka ƙafa ba tun da ya fara aiki.

Rumfar Mama Njoki cike take da tururi. 'Yan acaba sun kewaye kaskon gawayi, sun tuɓe safar hannu suna gasa yatsu, wasu na tsoma mandazi, wani irin fanke, a shayi. Wani dogo mai giɓi, wanda ake kira Ndirangu, shi ya fara ganinsa.

"Jama'a, ku ba da hanya, ga ofis da kansa ya zo shan shayi! Kai, rigar nan kamar na santa. A ina muka taɓa gaisawa da ita?"

Aka kwashe da dariya. Kihara ya yi kamar bai ji ba, ya gaida Mama Njoki, dattijuwa mai hular ulu, da ladabi.

"Mama, Yaya Gathogo ya riga ya ɗauki rigarsa?"

"Wace riga, ɗana?"

"Ta sanyi. Wadda yake ajiyewa a wurinki."

Ta dakata da ludayin a hannu. Ta dube shi, ta dubi rigar da ke jikinsa, ta mayar da idonta kan tukunya.

"Abin da yake ajiyewa a wurina ga shi can ƙarƙashin benci."

Ƙunshin jaridu ne, an ɗaure da igiyar buhu, an ɗora a kan bulo don kada damshi ya taɓa su. A shafin da ke sama akwai zagayen jan biro.

"Kada ka ga laifin jarida, Farfesa," in ji Ndirangu, yana buga ƙirjinsa har ya yi ƙara. "Dukkanmu muna cusawa. Ita ke tare iska. Amma mu a ƙarƙashin riga muke sa ta, shi kuwa yayanka jaridar ce rigar. Labaran Duniya muke ce masa. In ya tuɓe da yamma, matarsa ba ta buƙatar rediyo."

"Rufe mana baki, Ndirangu," in ji Mama Njoki. "Bakinka kamar salansar da ta fashe."

"Ƙarya na yi, Mama? Shekaranjiya ba a ƙirjinsa na karanta sakamakon ƙwallo ba?"

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba. Wani dattijon ɗan acaba da ke kusurwa ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, bara ma haka abokin sana'arsu Karanja ya fara, da tari, kafin ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. Mama Njoki ta zuba shayi ta miƙo wa Kihara.

"Na yi masa magana har na gaji. Ya ce in na kuskura na faɗa maka, ya daina shan shayina. Ya ce kai ne fuskar gidanku. Sha, ɗana, ka ji ɗumi."

Ba sanyi yake ji ba, gumi ne ma yake bin bayansa a cikin gashin tunkiyar. Kafin ya kai kofin baki ya jiyo ƙarar babur ɗin da ya sani tun daga nesa. Bai yi shawara da kansa ba, ya ajiye kofin ya zagaya bayan rumfar. Ta tsagar kwano ya ga Gathogo ya shigo, suwaitarsa ta yi baƙi da ruwa. Ya gan shi ya zura hannu ta wuya yana zaro jiƙaƙƙiyar takarda, guntu-guntu kamar ɓawon ayaba, ya durƙusa ya zari busasshiya daga ƙunshin, ya ninka ta da gwaninta ya cusa. 'Yan acaban suka mayar da idanunsu kan kaskon gawayi. Gathogo ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya kuka yi tsit kamar an shigo da gawa?"

Kihara bai jira amsar ba. Ya bi ta bayan mahauta ya koma ofis, kuma a duk tsawon hanyar abin da ya fi ci masa rai shi ne ya gudu da rigar a jikinsa. Ya ga mutum yana rawar ɗari saboda shi, abin da ya fara zuwa masa kuwa shi ne kada a gan shi.

Da yamma, bayan sun ci masara da wake, ya gwada.

"Yaya, rigar nan ta yi mini nauyi. Gobe ka saka abarka."

"Ta yi maka nauyi?" Gathogo ya kalli matarsa. "Kin ji, Maman Wambui? Biro ya fi ƙarfinsa, yanzu kuma riga."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Kana aikin gwaji. Manajan nan idonsa a kan wuyan riga yake. Ka bari su tabbatar da kai, ka saya mini mai zif biyu. Ni na saba, fatata ta jaki ce."

Tari ya katse shi, ya riƙe gefen tebur har ya wuce. Mugure ta tattara kwanuka da ƙarfin da ya wuce bukata. Da ta zo ɗaukar na Kihara, ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "Ba a rinjayar yayanka da baki."

Ya ɗauki maganar ya shiga ɗaki da ita.

Kafin kowa ya tashi ya je rumbun dankali ya zaɓi buhun taki mai leda daga ciki, ya kakkaɓe shi, ya yanka masa kafar wuya da ta hannuwa da wuƙar madafa. Ya sa farar rigarsa ta ofis, ya ɗauko jaridun da ya kawo jiya, ya ninka su yadda ya ga an yi ta tsagar kwano, ya jera a ƙirjinsa, ya danne da tsohuwar suwaitarsa ta makaranta. Ya zura buhun a kai, ya ɗaure ƙugu da igiya. Rigar fatar kuwa ya rataye ta a ƙusar da ke bakin ƙofar yayansa, inda take rataye kafin ya dawo gida. Sannan ya fita ya zauna a kujerar baya ta babur, cikin yayyafi, ya jira.

Gathogo ya fito ya yi turus.

"Wannan kuma fa? Wa ya ajiye mini buhu a kan babur?"

Kihara ya gyara zama a kan kujerar.

"Kai, sauka ka tuɓe wannan haukan. Haka za ka shiga wurin mutane? So kake a ce gidan babanmu Mzee Thuku sun aiko da dankali ya riƙe musu ofis?"

"Za mu makara, Yaya."

"Na ce ka sauka!"

Kihara ya ci gaba da kallon gabansa, ruwa na taruwa a girarsa. Mugure ta fito da rigar a hannu, ta tsaya a bayan mijinta ta buɗe masa ita, kamar yadda ake yi wa yaron da za a kai makaranta. Ta daɗe a haka. Gathogo ya dubi ƙanensa, ya dubi igiyar da ke ƙugunsa da bakin jaridar da ya leƙo ta wuyansa, ya ja tsaki.

"Ko ninkin ma bai iya ba," ya ce, ya zura hannuwansa a rigar.

Sanyin ya fi yadda Kihara ya zata. Ya shiga ta hammata, ya bi cinyoyi, ya mayar da yatsunsa itace. Ruwa ya sami hanya ta wuyan buhun, kuma yana jin takardar tana laushi tana mannewa da farar rigarsa. Gadon bayan yayansa da ke gabansa kuwa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Da suka iso kwanar kantin taki Gathogo ya rage gudu kamar kullum. Kihara ya taɓa kafaɗarsa ya nuna gaba. A bakin ƙofar ofis ya sauka, daidai lokacin da Wangeci take naɗe lemarta. Ta dube shi, ta dubi ɗan acabar da rigar da ke jikinsa, ta sake dubansa.

"Yayana ne, Gathogo," in ji Kihara. "Rigarsa ce."

Ya kwance igiyar, ya tuɓe buhun, ya ninka shi da kyau domin komawa da yamma. Ya zaro jiƙaƙƙun jaridun ya zuba a kwandon shara. A wuyan farar rigarsa baƙin tawada ya riga ya zauna. Ya gyara maɓallinsa, ya maƙale buhun a hammata, ya shiga ciki.