Tsoho na Goma Sha Uku

Tsofaffi goma sha biyu Auta ta zana cikin mako uku, kuma Darakta ya ƙi su duka. Na ƙarshen ya ɗaga takardar, ya kalle ta ta saman tabarau, ya ajiye a kan sauran.

"Auta, wannan ma saurayi ne kika liƙa wa gemu."

Kamfanin ƙarami ne, ɗaki ɗaya a saman bene, tebur biyar da fanka mai ƙara. Shirin katun na yara suke yi, wanda ake nunawa a talabijin duk Asabar. Shekara huɗu Auta tana zana abin da ke bayan mutane: bishiyoyi, katanga, tagogin aji. Wannan ne karo na farko da aka ba ta mutum sukutum ta ƙirƙira, tsoho mai gadin makaranta da zai riƙa bin yara idan sun tsallaka katanga. Darakta ya riga ya faɗa mata, ba cikin faɗa ba, cewa gobe za a tura zanen ga masu talabijin. In ba a samu ba zai miƙa aikin ga wani, ita kuma ta koma kan bishiyoyinta.

Ya ɗauki baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya cike tsohon tun daga hula har takalmi, har ya zama inuwa kawai.

"Duba. Na cire fuska, na cire gemu. Wane ne wannan?"

"Ban sani ba."

"Ni ma haka. Yaro yana gane kakansa daga nesa tun bai ga fuska ba. Kafaɗa yake gani, da yadda ƙafa ke taka ƙasa. Ki ba ni wannan. Gemu kuwa kowa ya iya."

Ta koma teburinta, ta dafe goshi. Idanunta suna zafi. Wata bakwai ke nan da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ita kaɗai ta rage a gida tare da shi. Kowace safiya kafin ta fito sai ta yi masa ruwan wanka, ta ba shi magani, sannan ta tsaya a bayansa yana tattaki daga gado zuwa ƙofar falo, ya dawo, kamar yadda likita ya ce. Tana zuwa aiki ne da sauran ƙarfin da ya rage.

Ta ɗauki alƙalamin allon zane. Ba ta nemi hoto a littafi ba, ba ta yi tunanin komai ba. Hannunta ya ja layi ɗaya mai lanƙwasa, ya sauke kafaɗar hagu, ya naɗe hannun hagu a ƙirji. Ta bar fuskar fara. Ta zana shi sau takwas a jere, kowanne da matsayin ƙafarsa, kamar yadda ake yi in ana son mutum ya yi tafiya. Kafin azahar ta tura wa Dogo, wanda aikinsa shi ne sa zane ya motsa.

"Sarauniyar bishiyoyi ta aiko da wani kakan," in ji Dogo. "Wannan kam ko ido ba ki ba shi ba. Tsimi ake yi?"

"Ka motsa shi kawai, Dogo. Ba ni da bakin magana yau."

Bayan awa ɗaya da rabi ta ji yana dariya shi kaɗai. Ya juyo da kwamfutarsa. Inuwar tsohon ta taka ƙafar dama da ƙarfi, sannan ta hagu ta zagayo ta gefe kamar tana share ƙasa. Taki uku, sai ya tsaya cak, kansa ya ɗan sunkuya, sannan ya ci gaba. Sauran ma'aikatan suka taso suka zagaye teburin. Duk lokacin da tsohon ya tsaya sai a fashe da dariya. Darakta ya cire tabarau ya goge.

"Shi ne wannan," ya ce. "Ko a cikin taro dubu zan gane shi. A ina kika samo shi?"

Auta ta zuba wa inuwar ido. Ta riga ta gane shi tun takin farko. Wannan tafiyar take kallo daga baya kowace safiya, hannayenta a miƙe ba tare da ta taɓa shi ba, don ba ya so a riƙe shi.

Ta fita ta zauna a kan matakalar bene, ta kira yayarta.

"Kin yi hauka ne?" in ji Yaya, bayan ta gama ji. "Mutumin da wata bakwai bai leƙa ƙofar gida ba don kada a ga yadda yake tafiya? Abokansa sun zo dubiya sai da ya sa kika zaunar da shi kafin su shigo. Kuma kin san a ɗakinsa yarana ke kallon shirin naku duk Asabar, a kan gadonsa."

"Ban yi da gangan ba, Yaya."

"To ki goge da gangan."

"In na goge, ba ni da wani. Na zana goma sha biyu."

Yaya ta sassauta murya. "Ko ki canza ƙafar, ki mai da ita dama. Ba zai gane ba."

"Baba ne fa. Shekara arba'in yana auna mutane da ido."

"To ni dai ba ruwana. Amma in ya daina cin abinci, ke za ki lallashe shi."

Ta zauna a wurin har sai da ƙafarta ta yi sanyi. Tana iya yin shiru, a tura zanen, ta jira Asabar ɗin da za a nuna. Tana iya komawa ciki ta ce ta janye. Duka biyun sun yi mata nauyi, kuma ta gaji da ɗaukar nauyi ita kaɗai. Ta roƙi Dogo ya tura mata hoton a waya, ta fitar da zanen a takarda, ta tashi daga aiki da wuri.

Ta samu Baba a kujerarsa kusa da taga. Tsohon keken ɗinkinsa yana gefe, an lulluɓe shi da zani, an ɗora kwalaben magani a kai. Tela ne, kuma har yanzu in baƙo ya shigo, wuyan rigarsa yake fara kalla.

"Yau an kore ki ne, Auta? Rana ba ta ko faɗi ba."

"Ba a kore ni ba tukuna. Baba, akwai abin da na yi, ina so ka gani kafin kowa."

Ta durƙusa kusa da kujerar, ta riƙe masa wayar. Inuwar ta yi tafiyarta, ta tsaya, ta ci gaba. Daƙiƙa goma ce kawai. Baba ya kalla har ƙarshe. Ya ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya, alamar ta sake. Ta sake. Ya kalla sau uku.

"Haka nake?"

"Haka kake, Baba."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini. Kowa sai ya ce, ai ka samu sauƙi." Ya kau da kai wajen taga. "A wurin aikin naku sun gani?"

"Sun gani. Ba su san kai ne ba."

"Sun yi dariya?"

Ta so ta ce a'a. "Sun yi."

"A ina?"

Ta nuna masa wurin da tsohon ke tsayawa bayan taki uku. Baba ya daɗe yana kallon hoton a tsaye.

"A nan nake jin ƙasa tana gudu," ya ce a hankali. "Sai na jira ta tsaya."

"Ka yafe mini. In ka ce a'a, yanzu zan kira su in ce na fasa."

"In kin fasa fa?"

"In koma zana bishiyoyi."

"Bishiyoyin nan da kike sa ni in nema a bayan yara duk Asabar." Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. "Mene ne aikinsa, shi wannan?"

"Mai gadin makaranta ne. Yara suna gudu, yana bin su."

"Yana kama su?"

"A'a. Yana... faɗuwa yake yi. A labarin an rubuta ya faɗi sau uku. Ɗaya a cikin kwata."

Baba ya gyara zama, da ƙyar, yana dafa hannun kujera.

"Ke kike tsaye a bayana kullum. Sau nawa na faɗi?"

"Ko sau ɗaya."

"To. Tafiyar ki ɗauka, na ba ki, ba ni da abin yi da ita. Su yi dariyarsu, ni ma da na ga wani yana yi a da, ƙila da na yi. Amma ba zai faɗi ba. Jikokina ba za su zauna a kan gadona su ga na faɗa kwata ba."

Ta ajiye masa takardar zanen a cinya, ta fita tsakar gida ta kira Darakta. Ta gaya masa inda tsohon ya fito, da sharaɗin da aka gindaya. Ta ji ƙarar fankar ofis a bayansa.

"Auta, faɗuwar ce abin dariyar. An riga an rubuta."

"Na sani. In dole sai ya faɗi, sai dai a ba wani ya zana nasa tsohon. Wannan ba zan bayar ba."

Darakta ya sauke numfashi.

"Ba zan iya kallon tsoho na goma sha huɗu ba. Wallahi na gaji." Ta ji ya ja kujera. "Wuri uku ne. Ki kawo mini abin da zai yi maimakon faɗuwa, a zane, gobe ƙarfe tara. In bai ba ni dariya ba, kin san sauran."

"Na sani. Na gode."

Ta jingina da bango na ɗan lokaci. Wuri uku, ga girkin dare, ga maganin Baba. Ta koma ciki.

Ta same shi riƙe da zanen da ta bari a cinyarsa, yana nazarinsa kamar yadin da aka kawo masa da aibi.

"Darakta ya yarda, amma sai na samo abin da tsohon zai yi maimakon faɗuwa."

"Wanda ba ya iya gudu ba ya bin yaro a baya. Ya je ya zauna inda za su diro, ya jira su." Ya buga takardar da yatsa. "Wannan rigar kuma wa ya ɗinka masa? In kafaɗa ɗaya ta sauka, bakin riga ba ya tsayawa daidai, gefen nan sai ya fi tsawo. Kuma ƙafar kin yi kuskure. Ba daga gwiwa take zagayowa ba, daga ƙugu ne."

"Daga baya nake ganinka, Baba."

"Shi ya sa." Ya miƙa hannu. "Ba ni sandata. Ki koma can bakin ƙofa, ki tsaya ta gaba."

Ta ba shi sandar, ta ɗauki fensir da littafinta, ta je ta tsaya. Ya yunƙura sau biyu kafin ya miƙe. Ya tsaya yana numfashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ki kalla da kyau," ya ce. "Sau ɗaya zan yi, na riga na yi tattakin yau."