Magen Malam Halliru

Shekarar da korona ta shigo Kano, dab da azumi, an yi ta rasa dattawa kamar ana tsince su. Malam Halliru na Kibiya yana cikinsu. Manomi ne mai gero da dawa da ɗan lambun albasa, ba ya zuwa ko'ina sai gona da kasuwa da masallaci. Zazzaɓi ya fara kama shi, sai tari, sai numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ba a kai ga yi masa gwaji ba ya cika, don haka babu wanda zai rantse da abin da ya ɗauke shi. Ya bar matarsa Barakatu, da ɗansu Zakiyyu mai ɗinki a Rano, da wata farar mage mai baƙin kunne ɗaya.

Magen ita ta kawo kanta gidan tana 'yar ƙarama, Malam ya sa mata suna Baƙuwa, sunan kuwa ya bi ta. Ba ta kula kowa sai shi. Da ya kwanta ciwo, babu irin korar da Barakatu ba ta yi mata ba, amma da ta juya baya sai ta tarar da ita kwance a ƙirjinsa.

Bayan rasuwar, magen ta soma atishawa. Idanunta suka riƙa ruwa, ta ƙi cin komai. Duk da an hana taro, mata sun shigo gaisuwa, kuma Barakatu ta lura da yadda suke jan hijabi su rufe hanci in magen ta gifta. Kafin a yi sadakar bakwai magana ta zaga unguwa cewa mage na ɗaukar cutar.

Zakiyyu ya sami mahaifiyarsa a ɗaki, da buhu a hannunsa.

"Inna, magen nan ba za ta ƙara zama a gidan nan ba."

"Me ta yi maka?"

"Kowa na faɗa, har a waya na gani. Na rasa Baba, ba zan zuba ido in rasa ki ba."

"To kada ka kashe ta, Zakiyyu."

"Ina tsoron Allah, Inna. Nesa kawai zan kai ta."

Barakatu ba ta yi musu ba, don ita ma tsoron ya shige ta. Ita ce ma ta riƙe masa bakin buhun. Magen ba ta yi yaƙushi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai kalle ta. Zakiyyu ya ɗaure buhun a bayan babur ya nufi Rurum.

Daga nan gidan ya yi wa Barakatu faɗi. Tana takaba, ba ta fita, masu gaisuwa kuma sun ɗauke ƙafa. Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa inuwa, sai ta ji wata 'yar atishawa daga ɗakin Malam. Ta leƙa, babu komai sai gado da buzunsa a rataye. Ta koma ta zauna, ta sake ji. Wani lokacin abin yakan yi kauri har ya koma tarin mutum, irin wanda ta yi ta saurare tana yi masa fifita. Sai ta yi ta'awizi, ta ɗauko tsintsiya ta share ɗakin da ta riga ta share. Kullum kuwa sai ta sami farin gashi a tsintsiyar. Ba ta gaya wa kowa ba.

Damina ta yi nisa, wata rana tana tuƙa tuwo ta ji wani likitan dabbobi a rediyo. Ya ce gaskiya ne mage na kamuwa, amma galibi daga mutanen gida take ɗauka, kuma da wuya ƙwarai ta shafa wa mutum. Ya ce a ware ta wuri guda, a ba ta abinci, a riƙa wanke hannu, yawancinsu suna warkewa. Ya roƙi jama'a su daina yar da su.

Barakatu ta saki muciya. Ashe in ma cutar ce, a ƙirjin Malam magen ta ɗauko ta. Marar lafiya ce ita ma, kuma marar lafiyar suka cusa a buhu.

Tana fita takaba ta aika aka kira Zakiyyu.

"Kai ni inda ka yar da ita."

"Inna, ai ta daɗe da…"

"Kai ni in gani da idona."

Ya sunkuyar da kai, ya tayar da babur. A Rurum ya nuna mata gindin wani dutse a bakin gonaki. Suka bi gidajen kusa suna sallama, wasu na yi musu kallon mamaki, tsohuwa ta taso daga Kibiya neman mage. Can wajen la'asar suka faɗa gidan wata mai daddawa, Laraba.

"Fara mai baƙin kunne? Ai tana nan, Baba," in ji Laraba. "A ƙarƙashin rumbu na tsince ta, ƙashi da fata. Nono na riƙa ajiye mata har ta miƙe. Mu dai lafiyarmu ƙalau, ko mura babu wanda ya yi."

Ta shimfiɗa wa Barakatu tabarma a tsakar gida, Zakiyyu ya tsaya a waje. Ba a jima ba magen ta fito daga bayan tukwane, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi.

"Baƙuwa," Barakatu ta kira ta.

Magen ta matso ta shinshina zanenta. Sai ta wuce ta. Ta tsaya a bayanta, ta fuskanci ƙofar shigowa, ta ɗaga jela sama, ta yi wani siririn kuka na murna. Barakatu ta san kukan nan. Mutum ɗaya kaɗai ake yi wa shi, in ya dawo daga gona.

Tsikar jikinta ta tashi. Ta kasa waiwayawa. Tana jin magen tana gurnanin jin daɗi a bayanta, tana kai da komo kamar mai goga jiki a ƙafar wani. Da ƙyar ta juya wuyanta. Babu kowa a ƙofar, sai tsohon labulen buhu yana motsi kaɗan.

"Haka take yi duk la'asar," Laraba ta ce da ƙaramar murya. "Ni ma na rasa wa take tarba. In za ki tafi da abarki, ga ta nan."

Barakatu ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, magen ta zille ta haye katanga, ta zauna tana kallon ƙofar. Barakatu ta daɗe tana dubanta.

"Bar ta a wurinki, 'yar nan. Ke kika yi jinyarta."

A hanya Zakiyyu ya ce, "Inna, na ga fuskarki ta sauya. Me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Kula da hanya."

Tun daga ranar, in ta sami wanda zai kai ta, takan je Rurum da busasshen kifi a ƙulle a gefen mayafi. Ita da Laraba sun zama kamar uwa da 'ya. Sukan yi hira, magen na kwance nesa kaɗan da su. Amma da Barakatu ta ga inuwar katanga ta fara tsawo, la'asar ta gabato, sai ta nemi takalmanta, ko Laraba ta roƙe ta ta tsaya cin abinci.