Kwaɗon da Yaya Ya Kawo

Yaya ya shigo gidana da sabon kwaɗo a hannu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yau za a rufe ɗakin Baba. Sai ya yanka wani za ka farka?"

Ba ƙarya ya yi ba. Shekara arba'in mahaifinmu ya yi yana aski. Da ciwon mantuwa ya kama shi, sunayenmu suka ɓace masa, amma sana'ar ta ƙi barin hannunsa. Kullum da safe sai ya jawo kujera gaban madubi, ya wasa askarsa, yana jiran masu zuwa aski. Shekaranjiya ya kama autata ya ɗaura mata tawul a wuya. Ihunta ne ya kawo mu. Na ɓoye askar. Mutumin da ban taɓa jin ya zagi kowa ba ya kira matata ɓarauniya, ya fasa kofi, ya daina cin abinci.

Na gwada ba shi wata marar kaifi. Ya shafa bakinta da babban yatsa, ya jefo mini. "Ni za ka raina wa hankali?"

"Yaya," na ce, "ba za a kulle Baba a gidana ba."

"To 'ya'yanka fa?"

Ya san inda ke yi mini ciwo. Ni da ko wuƙa na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi. Amma na tura yaran wajen uwarsu, na ɗauko askar daga saman kabad, na miƙa wa Baba, na zauna a kujerar.

"Kai, ka haukace ne?" in ji Yaya.

"Malam, ja baya," Baba ya ce masa. "Ka tare mini haske."

Ya shafa mini kumfa. Na ƙanƙame kujerar. Hannun nan da ke zubar da shayi kuwa ko gezau. Ya ja fata da yatsa biyu, askar ta bi bayan kunnena a hankali.

"Kanka irin na ƙaramin ɗana," ya ce. "Ga rami a ƙeya, ga taurin tsiya."

"Har yanzu haka yake, Baba."

Da ya gama ya kaɗe tawul, ya wanke askar, ya sa a durowa kamar yadda yake yi a shago. Sannan ya leƙa ƙofa ya ce wa matata, "'Yar nan, ba a ci abinci a gidan nan ne?"

Na zare kwaɗon daga hannun Yaya, na maƙala a durowar, na jefa makulli a aljihu.

"Kwaɗonka ya samu aiki. Kullum ni zan buɗe, ni zan zauna, ni zan rufe. Ƙofar nan kuwa a buɗe za ta zauna."

"Aski kullum? Ina za ka samu gashin?"

"Ai gemunka na nan," na ce. "Gobe ƙarfe takwas. Baba ba ya son a makara."