Marfi Bakwai na Malam Tukur

Duk shekara, da an gama kai dawa rumbu, Hussaina takan gina wa mijinta marfin tukunya guda bakwai na yumɓu, kowanne kamar tafin hannu. Ba don tukunya ba. Malam Tukur maharbi ne, kuma ya gaji al'ada wurin ubansa: ba ya shiga farautar rani sai ya jera su a gindin dutsen Kwatarkwashi, ya ja baya taku arba'in, ya fasa su ɗaya bayan ɗaya. Hannu, in ji shi, tsatsa yake yi da damina kamar bakin fartanya.

To, ina farautar take? Shekara huɗu ke nan dajin ya koma hannun 'yan bindiga. Abokan farautarsa wasu sun koma Gusau gadi, wasu suna ƙasa. Shekara uku ya haƙura da gwajin, bana ya ce sam. In hannun ya mutu, ranar da daji ya buɗe da me zai shiga?

Da hantsi ya jera su a kan dutse, ya ɗura wa tsohuwar bindigarsa albarushi, ya saita. Daram! Marfin farko ya tashi ya zama gari. Daɗi ya kama shi har ya yi dariya shi kaɗai, tsoho da shi.

Sai ya jiyo kururuwa daga cikin gari.

Kafin ya iso, mutane sun watse. Ga takalma a hanya, ga tukunyar wake a kife, awaki na ci. Mai unguwa Bawa ya fito daga cikin karan dawa yana haki, ba hula.

"Tukur, kai na? Don Allah dubi abin da kay yi muna!"

Ya yi ta ba da haƙuri, kunya kamar ta kashe shi. Amma a ransa cewa yake laifinsa ɗaya, bai yi shela ba. Gobe zai bi gida gida ya faɗa, ya ƙarasa shidan.

Ya shiga gida ya ƙwala wa Hussaina kira, shiru. Can ya same ta a bayan rumbu, ta cusa kai cikin ƙaiƙayi, gwiwarta na jini.

"Haba Hussaina! Ke ma? Ba ke kika miƙo mani su da safe ba?"

"Wallahi na san kai na, Malam," ta ce, hawaye na zuba. "Ƙafafun nan su ab ba su sani ba."

Ya koma dutse ya kwaso shidan a gaban riga, ya ajiye mata a bakin murhu.

"Ki rufe tukwane da su."

"Ai sun yi ƙanana," ta ce. "Ba tukunyar da za su rufe."