Kulocin Katafilar Baba Gershon

"Ku tura a hankali! Haba jama'a, ba buhun citta ba ne fa!"

Musbahu bakanike ne ke yi wa mazan layin tsawa, gumi har ido. Tsohuwar katafilar maƙwabcinsa Baba Gershon ce a ƙofar gida, an raba ta biyu, don ba a kaiwa ga kulocinta sai an raba inji da giya. Mai ita kuwa yana kwance a ɗaki. Asibiti sun sallamo shi, ba don ya warke ba.

Abu ɗaya tsohon ya roƙa: a binne shi a ƙauyensu, can bayan Zonkwa, kusa da babansa. To ruwan bana ya cinye hanyar, ya bar kwazazzabon da ko mashin ba ya ƙetarewa. Ba mai cike shi sai wannan katafila, ita kuma ta shekara ba ta motsa ba.

Aka haɗa, aka ɗaure, aka tayar. Musbahu ya taka kuloci ya nemi giya, sai ƙurrr, ta ƙi.

Mama Hulda, matar Baba, ta leƙo. "Musbahu, Baba ya ce wai baibai ka sa faifan kulocin. Ya ji kukan giyar."

Mutumin da ko kunu ba ya iya haɗiya! Suka sake raba ta, Musbahu na roƙon Allah ya ara wa tsohon lokaci. Ai kuwa baibai ne.

Da la'asar giya ta shiga lakadan. Ya ruga ɗaki da baƙin mai a hannu.

"Ya shiga?" in ji Baba, ido a rufe.

"Ta shiga, Baba."

"Mun gode Ubangiji. Kada ka bar ƙafa a kan kuloci kana tafiya. Na san halinka."

Washegari Musbahu na kan katafilar yana zuba bokitin ƙasa na ƙarshe a kwazazzabon, sai Mama Hulda ta bugo waya ta ce Baba ya rasu. Ya yi kuka sosai, amma wallahi zuciyarsa wasai.

Ranar jana'iza ya ja katafilar gefe. Motar gawa ta hau sabuwar jar ƙasar, ta ɗan tangaɗa, ta haye, matan zumunta na biye da waƙa. Musbahu ya bi su a baya sannu a hankali. Can ya duba ƙasa, ya ga ƙafarsa a kan kuloci.

Ya ɗauke ta.