Inda Taɓarya Ta Tsaya

Sa'idu ya zare abin saurare daga kunnensa tun waƙar ba ta kai rabi ba, ya miƙa wa mai rumfar.

"Wagga ba ita ta ba," in ji shi.

Shitu, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin kasuwar Anka, ya juyo masa da fuskar kwamfuta. "Baba Sa'idu, waƙarka ta. Ga sunanka, ga hotonka da gurmi."

"Na san tawa ta. Tsohuwar nika nema, mai hayaniya."

"Mi za ka yi da mai hayaniya? Tun da wankakkiyar tah hito kowa yag goge waccan. Mu ma nan ƙarhin hali na muka yi, yara duk data suka saye su saurara da kansu. Jiya tun sahe mutum huɗu na tura ma waƙa, biyu wa'azi sunka ce."

Rumfa ta uku ke nan da Sa'idu ya tsaya tun hantsi, kuma a kowace sai an yi masa murna a sa masa waƙarsa, tas da ita, babu kukan kaza babu tari. Abin da yake nema shi ne dai abin da aka wanke ɗin.

Shekara goma sha biyar ke nan da aka ɗauki waƙar, a tsakar gidansa, a ƙauyensu da ke kusa da Bagega. Wani maƙwabci ne ya sayo waya mai ɗaukar murya, yana neman abin gwadawa, ya same shi zaune da gurmi. A lokacin kowane gida dakan dutsen zinari ake yi, matarsa Husaina tana gefe tana nata a turmi, sai taɓaryar ta shiga cikin waƙar kamar an gayyace ta kiɗa. 'Yarsu ta fari, Humaira, mai shekara uku, tana wasa a gindin turmin tana yi masa amshi yadda ta ga dama. Wata biyu bayan nan ta fara jijjiga, kwana huɗu ta rasu. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen, aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. Ba su da hotonta ko ɗaya. Abin da ya rage nata a duniya shi ne waɗannan minti huɗu na waƙar.

Waƙar kuwa ta yi tafiyarta ba da izininsa ba, daga waya zuwa waya, har Gummi da Bukkuyum. Direbobi sun san ta, masu shayi sun san ta, shi dai gaisuwa kawai yake samu. Shekara biyu da suka wuce wani kamfani na Kano ya aiko cewa zai ɗora ta a intanet, a riƙa biyansa gwargwadon masu saurare, amma fa sai an cire hayaniyar. Ya karɓi memorin wayar Husaina, inda waƙar take, ya kai wa Tasi'u mai situdiyo, aka kwafa, aka wanke, ya mayar mata da abinta. Da abin da ya fara shigowa ya rufa ɗakinta da kwano, ya kuwa ji daɗin hakan, ba zai ɓoye ba.

Shekaranjiya memorin ya daina buɗewa. Husaina ba ta yi kuka ba, ba ta ma faɗa masa ba. Gani ya yi tana ta zare shi daga wayar tana gogewa da gefen zane tana mayarwa. Da ya gane, ya sa mata sabuwar a tasa wayar. Ta saurara har ƙarshe saboda ladabi, sannan ta ce, "Ba ta ciki," ta tashi ta koma wanke-wanke. Tun daga nan tuwon kirki bai shiga cikinta ba.

Mai gyaran waya ya ce memorin ya ƙone. Maƙwabcin nan ya daɗe da rasuwa. Saura Tasi'u, wanda Sa'idu yake ta kauce wa zuwa wurinsa tun safe, don yana tsoron a ce masa babu, daga nan kuma ba shi da wata ƙofa.

Ya tarar da situdiyon a buɗe, an ɓalle katifun soso da ke jikin bango an jingine a waje. Tasi'u yana durƙushe yana naɗe wayoyin lantarki. Ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu.

"Tashi za ka yi?" Sa'idu ya tambaya.

"Na tashi, Baba. Yaro yanzu a wayarshi yake haɗa kiɗa, ya yi waƙa a ɗaki, ya ɗora kafin azahar. Wa zai biya ni? POS zan sa a nan. Kwamfutar ma na sayar, anjima mai ita zai zo a goge komai."

Sa'idu ya zauna a kan lasifika ba tare da an ce ya zauna ba, ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai taɓa gaya wa Tasi'u ko muryar wa ce a bayan waƙar ba. A wancan lokacin kunya ce ta hana shi, da kuma ɗokin kamfanin Kano. Yau ya faɗa duka, har da kwana huɗun.

Tasi'u ya jona kwamfutar da batir, ya jawo kujera.

"Ta asalin ba ni da ita," ya ce yana dube-dube. "Na goge tun bara da wuri ya cika. Amma lokacin da nake aikin, kashi biyu na raba ta. Muryarka da gurmi na tura Kano. Sauran na jefa wani wuri, ban san ko yana nan ba."

Yana nan, a cikin wani kundi da Tasi'u ya sa wa suna shara. Da ya ga Sa'idu ya ƙura wa kalmar ido, ya yi sauri ya danna.

Taɓarya ce ta fara fitowa, dum, dum, da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinta, ba irin ta dakan gero ba. Zakara ya yi cara daga nesa. Sai ga 'yar murya tana rera amshi ita kaɗai, tana jiran baitin da ba ya zuwa, tana sake shiga. Sa'idu ya ji waƙar nan sau dubu, amma kullum muryarsa ce a gaba tana danne komai. Yau da aka cire shi ya ji har numfashinta. Ya ji tarin, busasshe, sau uku a jere, ga taɓarya tana ta sauka kusa da kanta. Wajen minti na uku ta ce, "Inna, ruwa."

"Tsai da shi," in ji Sa'idu.

Ya share fuskarsa da hannun riga. Abin da ya zo masa a rai Husaina ce. Shekara goma sha biyar ba ta sake taɓa taɓarya ba, ko daddawa ce sai ta kai maƙwabta a daka mata. Ba ta taɓa cewa ita ta kashe yarinyar ba, shi ma bai taɓa cewa ba ita ba ce, don shi ya riƙa kawo dutsen a buhu a bayan keke. Yanzu zai kai mata wannan, dakanta tsirara da tarin yarinya, babu waƙar da za ta rufa musu asiri?

"Kana iya hidda turmin?" ya tambaya. "Ka bar ɗiyar ita ɗai."

Tasi'u ya juyo ya dube shi. "Ina iyawa. Amma Baba, wancan karon ma cewa aka yi in cire."

"Wanga daban na. Uwatta ba ta iya jin shi hakanan. Ni na san ta."

Tasi'u bai ƙara musu ba. Ya sa abin saurare, ya shiga yanka da gogewa, Sa'idu yana kallon layukan da ke tsalle a fuskar kwamfutar suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Aka kira la'asar suka je suka dawo. Mai sayen kwamfutar ya iso a kan babur, ya tsaya a ƙofa yana kaɗa makulli. Tasi'u ya zuba aikin a sabon memori, ya sa a wayar Sa'idu da kansa, ya ƙi karɓar ko sisi. Sa'idu bai kai ƙarshen layin ba ya waiwaya ya ga an fito da kwamfutar ana ɗaure ta a bayan babur.

Ya sami Husaina a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Yaran sun tafi islamiyya, gidan shiru.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Yawwa. Na samo miki." Ya zauna a bakin tabarmar, ya ajiye wayar a tsakaninsu. "Ba waƙar duka ta ba. Ita ɗai ta."

Ta ajiye farantin. Ta goge hannuwanta a zane duk da ba su jiƙe ba. Ya danna.

Muryar ta fito fes, kamar yarinyar tana cikin ɗaki an rufe ƙofa. Ta yi amshi, shiru, ta sake yi. Husaina ta sunkuyar da kai, leɓɓanta suna motsi tare da ita. Sa'idu ya ji wani sanyi a ransa, ya ce a zuciyarsa ya yi daidai. Tarin ya zo ya wuce. Sannan muryar ta ce, "Inna, ruwa."

Babu abin da ya biyo baya. Wayar ta yi tsit na tsawon lokaci, har Sa'idu ya duba ko ta mutu ne. Can sai amshin ya dawo.

Husaina ta ɗago. "Ina nike?"

"Na ce a hidda turmin. Don kada ki..."

"Tana kira, ba wanda yaj ji ta." Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, a waccan, in tac ce ruwa, taɓarya tana tsayawa. Sai ka ji moɗa cikin randa. Sai ka ji tana sha. Kai ba ka taɓa lura ba, kana bisa waƙarka."

Bai taɓa lura ba. Ko ɗazu a situdiyo, daidai nan ya ce a tsayar.

"Ɗiyar hwari ta," ta ce. "Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa amsa mata gaban mutane ba, kunya ta hana. Wurin nan ɗai na nika ji na amsa. Shi nika jira kullum, ba dakan ba. Dakan na san ni niy yi shi, ba sai an ɓoye min ba."

Sa'idu ya tuna kwamfutar a bayan babur, da igiyar roba da aka ɗaure ta da ita. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai yi ba tun ranar da ya dawo daga maƙabarta, don wannan karon babu wanda zai ce bai sani ba, shi ya zauna ya ba da umarni. Ya fara laluben takalminsa da ƙafa, ko da yake bai san inda zai bi babur ɗin ba.

Muryar ta kai ƙarshe ta tsaya. Wayar ta ɗan yi shiru, sai ta wuce abu na gaba da kanta, kamar yadda takan yi.

Dum. Dum. Da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashi.

Sa'idu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ɗauki wayar ya duba. Abu biyu ne a memorin. Na farko Tasi'u ya rubuta masa Humaira. Na biyun, wanda ba a ce ya sa ba, ya canza masa suna daga shara zuwa Humaira da Inna.

"Aje ta," in ji Husaina.

Ya ajiye. Suka zauna, zakaran ya yi cararsa, amshin ya shiga ya fita, tarin ya zo sau uku, ba wanda ya kau da kai. A minti na uku yarinyar ta nemi ruwa. Taɓaryar ta sauka sau ɗaya, ta tsaya. Aka ji takun ƙafa, aka ji moɗa ta taɓa bakin randa, sannan ƙaramin maƙogwaro yana haɗiya, da dogon numfashin da yaro kan saki in ya ƙoshi.

Husaina ta rufe ido.

"Ga ni nan," ta ce a hankali. "Ga ni nan, Humaira."