Inshorar Giwa

Da na samu aikin kai magunguna ƙananan asibitoci, sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: in zo ranar Litinin da mota mai cikakkun takardu, ko a ba na bayana. Ni kuwa ko keke ban mallaka ba, lasisina ma watansa huɗu da fitowa.

Kakana, wanda muke kira Tsoho, shi ne ya share mini hawaye. Ya kira ni gareji, ya yaye tamfol, ya miƙo mini makullin Giwa. Giwa motarsa ce, doguwa, koriya, ta girme ni da shekara tara, in an rufe ƙofarta sai maƙwabta sun leƙo. Na yi tsalle na rungume shi har hularsa ta faɗi.

Murna ta koma ciki ranar Alhamis a ofishin inshora. Kuɗin da aka yanka mini ya kusa ninka abin da yayata ke biya wa sabuwar motarta, kuma ba ni da shi. Na dawo gida ina huci.

Tsoho ya ce, "Raini ne! Ba su san Giwa ba. Gobe da ni za a je."

Da na san abin da zai yi, wallahi da na ɓoye masa takalma.

Ma'aikaciyar wata mai tabarau ce, mai haƙurin tsiya. Ta ba shi kujera, ta juyo masa fanka, ta ce, "Baba, ba darajar mota kaɗai muke dubawa ba. Muna duba wanda zai tuƙa. Jikarka sabon hannu ce, sabbin hannu kuma sun fi yin karo. Ga motar tsohuwa."

"Da tsohuwar zuma ake magani, 'yata. Rubuta abin da zan gaya miki."

Ta kuwa jawo takarda.

Ya ce motar ba ta da wahalar sha'ani, ranar da makulli ya ɓata da bakin cokali ya buɗe ta ya tayar. Ma'aikaciyar ta rubuta: sauƙin sata. Ya ce fitilarta ta musamman ce, da guda ta fashe wata uku bakanike ya yi yana neman irinta. Ta rubuta: kayan gyara na wuya. Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Ke, me na yi miki kike taka ni?" Ya janye ƙafarsa ya ci gaba. "Injin kuwa na sauya mata da babba. In ta miƙe hanya, tsuntsu ne kawai zai kamo ta."

Innalillahi! Ina kallo ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, kuɗin ya ƙara hawa. Kamar in yi kuka don takaici. Mutum ya zo nema mini ragi, ya ɓige da tona mini asiri, kuma sai washe baki yake.

"Saura babbar," in ji shi. "Wata rana burki ya riƙe a kan jiƙaƙƙiyar hanya, ta zame ta daki katanga. Katanga ta zube. Giwa? Ko lotsawa ba ta yi ba!"

"Kai fa, Baba?"

"Haƙarƙari biyu ne kawai, sai wannan." Ya ɗaga hula ya nuna tabon goshinsa kamar lambar yabo.

Ma'aikaciyar ta ajiye biro. Ta ce, "To ka ga dalilin. Motocin yanzu an ƙera gabansu ya lotse don ya shanye dukan. Burkinsu ba ya riƙewa har mota ta zame, kuma akwai jakar iska da ke fitowa daga sitiyari ta tare ƙirjin direba. Giwa ba ta da ko ɗaya. In ƙarfe ya ƙi lotsewa, na ciki ne ke shan dukan. Kai ƙato ne a lokacin. Dubi jikarka."

Ya juyo ya dube ni, tun daga kai har ƙafa. Ya shafa haƙarƙarinsa a hankali, sannan ya miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni makullina."

"Haba Tsoho! Litinin fa!"

"Na ce ba ni, sarkin gardama."

A nan gaban tebur ya buga wa kawuna dillalin motoci waya. Ya ce ya zo gobe ya ɗauki Giwa, ya kawo ƙarama mai jakar iskar nan, ko da mummuna ce. Kawu ya tambaya har sau biyu ko lafiya. Ma'aikaciyar ta lissafa inshorar irin wadda ya ambata, sai ga shi aljihuna zai iya. Na yi dariya, hawaye na zuba, don na san abin da motar nan take a wurinsa.

Shi ya tuƙa mu zuwa gida. Tafiyar minti goma muka yi a rabin awa, masu keke na wuce mu, na baya na ta zabga oda. Duk sanda zai taka burki sai ya miƙo hannunsa ya tare gabana.